Arba'in da bakwai da mi?

Injin markaɗen innata ne ya fara wata ƙara kamar ana jan gwangwani a kan kwalta. Da aka kwance shi sai aka tarar gidan boris ya tsage, boris kuwa shi ne zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Lokacin ina wata na huɗu da fara koyon zanen kayan inji a kwamfuta, irin zanen da ke fitar da abu da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, kana juya shi a allo kamar yana tafin hannunka. Na ce wa inna ta bar mini, ni zan zana sabo in kai a yi mata.

Da manhajar FreeCAD nake aiki, don kyauta ce kuma ba ta neman intanet. SolidWorks ta fi ta daɗin hannu, amma kuɗin lasisinta ba na ɗalibi ba ne. AutoCAD kuwa, wadda ta fito tun 1982, na fi ganinta a hannun masu zanen gidaje. Duk wanda zai fara a Sakkwato, shawarata ya riƙe manhaja ɗaya har ya ƙware, kuma ya saba da adana aikinsa kowane minti kaɗan, domin a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kwamfuta ta ɗau zafi ta mutu, ko a ɗauke wuta, aikin yini ya tafi.

Hanyar aikin kusan ɗaya ce a yawancin manhajojin nan. Ka zana siffa a shimfiɗe, da'ira ko murabba'i, sai ka ja ta ta yi kauri, ko ka kewaya da ita a kan layi ta zama kamar tulu, sannan ka huda inda za a huda. Wannan ana koyonsa cikin mako guda. Abin da ya ɗauke ni watanni shi ne ɗaure zane. Kowane layi sai ka gaya wa kwamfuta matsayinsa: wannan a miƙe yake, wancan daidai yake da ɗan'uwansa, wannan da'ira cibiyarta na tsakiyar faranti. Idan babu sauran layin da ke yawo, FreeCAD na mayar da zanen kore. Da farko ina tsallake wannan matakin saboda gaggawar ganin abu ya fito, sai in canza awo ɗaya in ga komai ya karkace. Daga baya na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan ja zane ba sai ya yi kore.

Boris ɗin injin lambarsa 6204: ramin ciki milimita 20, faɗin waje 47, kauri 14. Na auna tsohon gidan, na zana shi da duk lanƙwasarsa, na rubuta 47 a kan ramin da boris zai zauna, na buga a takarda A3. Daga nan na nufi shagon wani dattijo mai injin fere ƙarfe. Ɗan gidan maƙera ne, a Maƙera Assada, unguwar maƙera ta Sakkwato, ya fara riƙe guduma kafin ya koyi inji.

Na gaishe shi na miƙa takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan ramin.

“Ɗana, arba'in da bakwai da mi?”

Na ce, “Baba, arba'in da bakwai cif.”

Ya ce, “Babu hannun da ka yanka cif. Wanga boris, da hannu za ya shiga ko da bugu? Shi nika son ka gaya min.”

Ban da amsa. A kwamfuta 47 na nufin 47, ba ƙari ba ragi, kuma boris da gidansa suna haɗuwa lafiya lau a allo. A ƙarfe kuwa, in ramin ya ɗara da ɗan abin da ido ba ya gani, boris zai riƙa juyawa a cikin gidan yana cinye shi. In ya gaza, a tura shi da ƙarfi, ƙwallayen ciki su matse ya yi zafi ya ƙone. Aikin mai zane ne ya faɗi iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Da na koma littafi na tarar da abin da malaminmu ya koyar ina jinsa kamar lissafin jarrabawa kawai: in ka rubuta 47 H7, ka ce ramin ya tsaya tsakanin 47.000 da 47.025. Wannan tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma a kanta ran injin yake.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mini cewa tsohon gidan zubi ne, an narka ƙarfe an zuba a mazubi, shi ya sa yake da waɗannan lanƙwasa masu kyau da na ɓata kwana biyu ina kwaikwayo. Shi ba ya zubi. Abin da ke gabansa guntun bututu ne mai kauri da farantin ƙarfe. Zai yi musu walda, sai sun huce sannan ya fere ramin, saboda zafin walda na jan ƙarfe, in ka riga ka fere sai da'irar ta zama kamar ƙwai. Na zana abin da ba za a iya ƙerawa a shagon da na kawo shi ba, kuma babu manhajar da za ta faɗa mini haka.

Ramukan noti ma ya gyara mini. Na auna na biyu daga na farko, na farko kuma daga bakin faranti, wanda yankan wuta ne, ba santsi gare shi ba. Ya ce duka a auno su daga cibiyar boris, tunda ita ce dole ta yi daidai da sandar da ke juyawa.

Akwai kuma wani abu da na kwaso daga bidiyoyin YouTube ban sani ba. Masu koyarwa 'yan Amurka suna jera fuskokin zane bisa tsarin kusurwa ta uku, inda abin da ka hango daga dama ake ajiye shi a dama. Baba ya saba da tsarin kusurwa ta ɗaya, wanda ya fi yawa a Turai, inda ake ajiye shi a hagu. Ƙaramar alama mai kama da mazurari a ƙasan takarda ce ke bambanta su, ni kuma ban sa ta ba. Haka nan yawancinsu da inci suke awo, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne, don haka yanzu kafin in ja layi ko ɗaya sai na duba ma'aunin da fayil ɗin ke kai.

Daren nan na sake zanen, gida biyu: zobe da faranti. A nan ɗaure zane ya biya ni, domin da na canza kaurin faranti zuwa milimita 10, ramuka suka bi cibiyarsu, takardar bugawa ma ta gyara kanta. Na rubuta H7, na sa alamar walda da ta kusurwa, na ƙara da Hausa a gefe: a fere bayan walda.

Washegari Baba ya karanta bai tambaye ni komai ba, ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo ya shafa wa ramin ɗan mai, ya ɗora boris, ya danna da tafin hannu, ya ƙarasa da ɗan bugun katako. Ya zauna daram. Kafin magariba inna ta tayar da inji, mata sun jera robobin tattasai da na wake. Takardar kuwa Baba bai ba ni ba. Ya soke ta a ƙusa a bango, da shaidar yatsunsa na baƙin mai, ya ce irin wannan injin ya cika gari, wani zai kawo.