Talgen Inna da cikin ƙasa

Laraba, Sakkwato. Zafin yau ba a magana, ga wuta ba a kawo ba tun daren jiya. Da la'asar na ɗauki littafina na koma gindin dogon yaro a tsakar gida, don jibi muna da jarrabawa, babin cikin ƙasa kuwa ya ƙi zama a kaina.

Inna na gefe ta ɗora talge. Ina kallon tukunyar, tsakiya ya taso bul-bul, ya bazu gefe, ya ɗan huce, ya sake nutsewa. Ashe abin da malam ya yi ta zana mana a allo ke nan! Daga tafin ƙafata zuwa cibiyar duniya kusan kilomita 6,370 ne, ɓawon da muke takawa kuwa bai fi yanar da ke kwanciya a kan kunu ba. A ƙarƙashinsa dutse ne mai zafi har zurfin kilomita 2,900. Nan ne ya daɗe yana ruɗa ni: dutsen bai narke ba, amma yana tafiya. Mai zafi ya hau, wanda ya huce ya sauka. Sai dai shi 'yan santimita yake ci a shekara, kamar tsiron farce. Da wannan jan ciki aka raba Afirka da Kudancin Amurka.

Can ƙasa kuma narkakken ƙarfe ne ke kewayawa, shi ke haifar da maganaɗisun da allurar kamfas ke bi, har mu nemi alƙibla da ita. Tsakiyar tsakiya ta wuce digiri 5,000, amma dunƙulallen ƙarfe ce, nauyin da ke danne ta ya hana ta narkewa.

Na karanta wa Inna. Ta ce, "To, wa ya shiga ya gani? Mai haƙar rijiyarmu gaba goma ya yi ya ce bayansa ya gaji."

Na ce ko ramin Kola na Rasha, wanda ya fi duk ramin da ɗan Adam ya haƙa zurfi, bai kai kilomita 13 ba. Da motsin girgizar ƙasa ake saurarar cikin, kuma wata mata ce 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano dunƙulen a 1936.

"Mace? To madalla. Ke kuma miƙo min muciya."

Garin miƙawa talgen ya fallatso mini a bayan hannu. Har yanzu da nake rubutun nan wurin na raɗaɗi.