Inabin Mendoza da Naman da ke Jiransa

Motar da muka shiga daga Buenos Aires, babban birnin Ajantina, zuwa birnin Mendoza ta kwana tana nausawa yamma, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Da gari ya waye na ɗaga labule, sai ga tsaunukan Andis fari fat da ƙanƙara, gabansu kuma fili ne busasshe, ƙaya da tsakuwa. Ruwan saman da Mendoza ke samu a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba. Abin da ya kai ni ke nan, don noman rani ne aikina. Kowane titi a birnin da lambatunsa, ruwan ƙanƙarar da ta narke na gudu a gindin itatuwa. Mutanen Huarpe, 'yan asalin yankin, su ne suka fara haƙa waɗannan hanyoyin ruwa tun kafin Sifaniyawa su kafa garin a 1561.

Watan Maris ne, kakar inabi. Aka kai mu wata gona a Luján de Cuyo, kusa da birnin, wajen wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Italiya. Tun da hantsi ɗansa ya hura itace, yana jan garwashi kaɗan-kaɗan ƙarƙashin haƙarƙarin bijimi. Ba yaji, ba ƙuli, gishiri kawai mai manyan ƙwayoyi. Asado suke kiran wannan gashi, kuma ya ci awa uku kafin a sauke.

Da aka zauna, sai dattijon ya buɗe kwalbar Malbec, jar giyar inabi mai kauri, wadda don duhu har ta yi kamar baƙa. Na ce ta bakin tafinta, "Baba, a yi mini afuwa, addinina bai yarda ba." Bai nuna komai a fuska ba. Ya tashi ya tsinko nonon inabi guda, ya ce in tsotse ruwan in tauna ɓawon shi kaɗai.

Na tauna. Nan take bakina ya ɗaure, dasashina ya bushe, irin baurin ɗanyen goro. Sai ya yanko tsoka mai kitse ya miƙo mini. Ina sa ta a baki baurin ya kwanta, maiƙon kuma bai dame ni ba, har na ji ina son wani yankan. Ya ce to, abin da giyar ke yi ke nan: baurin yana kama kitse da tsoka ya wanke baki, naman kuma ya tausasa shi. Shi ya sa ba sa haɗa ta da kifi ko abinci mara nauyi, danne shi take yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tushen baurin. Gonar tana kusan mita 1,000 sama da teku. Rana na dukan inabin da ƙarfi, dare kuma sanyi, sai ya yi ɓawo mai kauri don kare kansa, a nan launi da baurin suke taruwa. Manomin kuma yana ƙayyade masa ruwa da gangan, don in ya ƙoshi 'ya'yan kumbura suke yi su yi lami. Wannan ya tsaya mini a rai, ni da na saba ganin ana malala wa tumatir ruwa har saiwa ta ruɓe.

Irin inabin Malbec ɗin ma baƙo ne. Daga kudu maso yammacin Faransa ya fito, wajen Cahors, kuma wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, aka ɗauko a 1853 ya kawo shi Ajantina. Inabin ya zo ya tarar da ƙasar shanu.

Da yamma dattijon ya ja ni bakin gona ya nuna mini ƙofar ƙarfen da ake ɗagawa ranar da layin ruwa ya zo kansa. Muka tsaya har ya ɗaga ta, ruwa mai sanyi ya bi kunya-kunya. Na cika aljihuna da inabi, na koma mota ina tauna ɓawon.