Wasiƙa daga Mishigan: sanyi, da labarin gwamnan da ake ce wa Ɗan Sabulu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da hidima, Allah Ya sa kowa lafiya. Gaisuwar kenan a dunƙule, ku yi haƙuri, yatsuna ba sa son doguwar gaisuwa a wannan watan.

Tun da na sauka jihar Mishigan ta Amurka tambayoyi uku ne suka ƙi barin wayata ta huta. Ta farko yadda ake samun biza, ta biyu ko muna samun naman yanka na halal, ta uku kuma wani kawuna ne ya mallake ta, ya yi min ita ya fi sau biyar, duk ranar da aka yi rigimar siyasa a gida sai ya kira ya ce ɗana, wai can ma idan gwamna ya sauka majalisar dattawa yake tafiya ya miƙe ƙafa? Na ce bari in haɗa su duka in amsa sau ɗaya kowa ya huta.

Amma kafin nan sai kun ji batun sanyi, don wallahi in ban faɗa ba cikina zai kumbura. Abin da muke kira hunturu a gida, wanda ake hura wuta a ƙofar gida da asuba ana shafa man kaɗanya, nan ko sunansa ba za a kira ba. Daga Nuwamba abin ke farawa, kuma har Afrilu kana iya tashi ka ga ƙanƙara ta rufe gari fari fat. Jihar tana tsakiyar manyan tafkuna ne, iska in ta taso ta kan ruwan nan sai ta kwaso danshi ta zo ta juye mana shi a ka. Ma'auninsu ma daban ne, ba irin namu ba, ranar farko da na ji an ce sanyi ya kai 10 na ce ai da sauƙi, Jos ma tana kaiwa haka, na fita da 'yar rigar sanyi ɗaya da hula zanna, ashe 10 ɗinsu a namu lissafin wajen 12 ne ƙasa da sifili, ban kai bakin titi ba na ji kunnuwana kamar ba nawa ba. Mota kuwa sai ka yi mata hidima kamar jaririya, ka tashe ta, ka bar ta tana ɗumi, ka ɗauki wani ɗan abin roba kana kankare gilashi, ka ɗauki shebur ka haƙe hanyar fita, kana gamawa motar share titi ta zo ta turo maka wata sabuwar ƙanƙarar ta toshe ƙofar. Gishiri suke watsawa a titi don ya narkar da ita, gishirin nan kuma shi ke cinye ƙasan mota da tsatsa, saboda haka mai sayen mota 'yar kwatano in aka ce masa daga wannan yankin ta fito ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta tukuna. Ƙarfe biyar na yamma a Disamba gari ya yi duhu, la'asar da magariba kamar suna tsere. Alwala da ruwan ɗumi, hita dare da rana, fata ta bushe ta yi furu-furu. Ni dai duk mai shirin zuwa, kafin ya sayi sabuwar waya ya sayi takalmi mai kauri da safar hannu.

To Kawu, ga amsarka, kuma da labarin mutum ɗaya zan ba ka ita. Sunansa na fara cin karo da shi a jikin wani ginin gwamnati a Lansing, babban birnin jihar, sannan na sake ganinsa a gidan adana kayan fasaha na Detroit, a ɓangaren kayan Afirka, an rubuta a ƙarƙashin wasu sassaƙe-sassaƙe cewa kyautar shi da matarsa ce. Na ce me ya haɗa gwamnan wannan jiha mai ƙanƙara da kayan Afirka? Sunan nasa G. Mennen Williams, amma tsofaffin garin nan Soapy suke ce masa, kamar dai mu ce Ɗan Sabulu, saboda kakansa na wajen uwa shi ya kafa kamfanin Mennen mai yin kumfar aski da hoda da man shafawa. Ɗan masu kuɗi ne tun daga tsatso, an haife shi a Detroit a 1911, ya yi jami'ar Princeton, ya karanta lauya a jami'ar Mishigan, ya yi sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu. Gidansu 'yan Rifablikan ne, shi kuma ya ɓalle ya shiga Dimokurat ya haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago na masana'antar motoci, kun san yadda irin wannan ke yi wa dangi ɗaci.

A 1948 ya ci gwamna yana ɗan shekara 37. A lokacin wa'adi shekara biyu ne kacal, kafin ka gama zama a kujera kamfen ya sake zagayowa, kuma haka ya yi ta ci har sau shida, shekara 12 cur. Na 1950 ma da ƙyar ya sha, sai da aka sake ƙirga ƙuri'u, ya haye da ratar da ba ta kai 1,200 ba a jiha guda. Yana da wani ɗan ɗamarar wuya kore mai ɗigo-ɗigon fari da ba ya rabuwa da shi, ya zama tambarinsa kamar yadda jar hula ta zama alama a Kano. A zamaninsa aka gina gadar Mackinac, da ake furtawa Makino, kada ku tambaye ni dalili, wadda ta haɗa ɓangarori biyu na jihar da ruwa ya raba, tsawonta wajen kilomita 8, aka buɗe ta a 1957. Na haye ta da rani, hannuna bai bar sitiyari ba bakina bai bar salati ba, don wani layin nata ragar ƙarfe ce, ruwa na can ƙasa. A zamaninsa kuma aka yi dokar hana nuna bambancin launin fata wajen ɗaukar aiki a 1955.

Ga inda na yi dariya ni kaɗai. A 1959 jihar Mishigan, a Amurka fa, ta kasa biyan ma'aikatanta albashi ranar biya. Kasuwar motoci ta faɗi, kuɗin shiga ya ja baya, shi yana son a sa harajin da zai fi hawa kan masu samu da yawa, majalisar dattawan jihar da ke hannun 'yan adawa ta ce ba ta san zance ba, aka yi ta ja-in-ja har asusu ya bushe. Ban ga ma'aikacin ƙaramar hukuma a gida da zai ji wannan bai ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Sai dai can rashin albashin bai ɗauki watanni ba, kuma duk da haka ya bi shi kamar inuwa, jaridun ƙasar gaba ɗaya suka yi ta yayata shi, burin da yake da shi na neman shugaban ƙasa ya sha ruwa, a 1960 bai sake neman gwamna ba.

Da Kennedy ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1960, mutane sun zaci minista sukutum zai ba shi. Sai ya ba shi mataimakin sakataren harkokin waje mai kula da Afirka, wato mutumin da ya shekara 12 shi ne wuƙa shi ne nama a jiha ya koma yana da oga a ofis, ogan ma yana da oga. A wajenmu ai magoya baya za su ce an raina maigida, kada ya karɓa. Shi ya karɓa. Kennedy dai ya ɗan shafa masa mai, ya sanar da naɗinsa tun kafin ya bayyana wanda zai zama sakataren harkokin wajen ma. Kuma lokacin ba na wasa ba ne, a 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, Kwango na ci da wuta, Rasha na zawarcin kowa.

Tafiyarsa ta farko a farkon 1961 ya isa Nairobi, Kenya tana hannun Ingila a lokacin, ya ce Afirka ta 'yan Afirka ce. Magana ce da yau ko yaron firamare zai faɗa ba a waiwaye shi ba, amma ran nan Turawan da suka kafa gonaki a Kenya da Rodeshiya, wato Zambiya da Zimbabwe na yanzu, kamar an watsa musu barkono, har majalisar Ingila sai da ta ɗauka. Ya zo daga baya yana cewa ai har da fararen da suka mai da Afirka gida yake nufi, ni kam a ganina da ya bar ta yadda ta fito da ta fi daɗi. Da 'yan jarida suka tuntuɓi Kennedy, sai ya ce shi bai san wa kuma Afirka za ta zama tasa ba in ba su ba. Bayan 'yan watanni a wannan shekarar, a filin jirgin Lusaka, babban birnin Zambiya a yau, wani Bature ya matso ya kai masa naushi a fuska a gaban jama'a. Baki shi kan yanka wuya, amma wannan naushin ya saya masa farin jini a wajen 'yan gwagwarmayar neman 'yanci fiye da jawabi ɗari. Shekarar ce kuma Abubakar Tafawa Balewa ya je Washinton a watan Yuli ya gana da Kennedy, kuma ita ce shekarar da aka hana jakadan Chadi shan kofi a wani gidan abinci a kan hanyar Maryland saboda baƙi ne. Ku duba aikin da aka ba mutumin nan, ya je ya ce wa Afirka Amurka abokiyarku ce, alhali jakadun Afirkan ba sa iya zama su ci abinci a hanyar zuwa babban birnin ƙasar.

Kada in yi muku shi kamar waliyyi. Bakinsa ya fi ikonsa tsawo. A 1961 Amurka ta jefa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta goyi bayan Fotugal ba kan batun Angola da Fotugal ɗin ke yi wa mulkin mallaka, aka yi ta murna, sai Fotugal ta tuna musu cewa sansanin sojan saman Amurka da ke tsibiran Azores a ƙasarta yake, kuma yarjejeniyar ta kusa ƙarewa. Daga nan murya ta fara yin ƙasa. Sojoji da masu kula da Turai a ma'aikatar harkokin waje suka fi shi ƙarfi, bayan an kashe Kennedy kuma Johnson da ya gaje shi hankalinsa ya koma Biyetnam, Afirka ta koma can ƙarshen layi. Har yau in na ji wani jami'insu ya zo Abuja ko Yamai ya yi daɗin baki, sai in tambayi kaina wane Azores ne ke jiransa in ya koma.

Yanzu ga ainihin amsar Kawu. E, shi ma ya nemi majalisar dattawa. A 1966 ya ajiye aikin ya dawo gida ya tsaya takarar sanata, mutumin da ya ci gwamna sau shida, aka kayar da shi, Robert Griffin ya yi gaba da kujerar. Ba wanda ya ajiye masa ita. Johnson ya tura shi jakada Filifin a 1968, bai cika shekara ba gwamnati ta sauya ya dawo. Sai ya koma sana'arsa ta lauya, ya tsaya takarar alƙalin kotun ƙolin jiha, don nan alƙalan ma zaɓensu ake yi, wannan kuma wani abin mamakin ne na wata rana, ya ci a 1970, ya shekara 16 a kotun, daga 1983 zuwa 1986 shi ne babban jojin jihar. Ya rasu a Fabrairun 1988 yana da shekara 76, aka binne shi a tsibirin Makino kusa da gadar nan, tsibirin da ba a yarda da mota ba, sai keke da keken doki, ƙamshin kashin doki da na shaƙa a can sai da ya tuna min da hawan sallah.

Batun nama, akwai shi, garuruwan Dearborn da Hamtramck da ke gefen Detroit cike suke da mahauta Musulmi, Larabawa da 'yan Bangaladash, sai dai ba mai iya yi maka tsire, kuma daddawata ta ƙare tun watan jiya, mai zuwa ya ji. Biza kuwa doguwar magana ce, sai wani karon, abin da zan ce kawai kada ka ba kowa kuɗi don ya ce yana da hanya.

Bari in tsaya nan, an ce cikin dare za a sake zubo ƙanƙara, kuma maƙwabcina ya ari shebur ɗina tun shekaranjiya bai dawo da shi ba. A gaishe da su Inna, a ce musu ina sa hular.