Wanda suke kira na ɗaya ba shi ne na farko ba

Asabar, bayan sallar isha'i.

Da hantsi ɗan ƙanwata ya shigo da filas cike da fina-finan Star Wars da aka tura masa, ya jera su a kwamfutata bisa lamba, ya ce, "Kawu, mu fara da na ɗaya." Na ce masa a'a, da na huɗu za mu fara.

Dole na yi masa bayani. Fim ɗin da George Lucas ya fitar a 1977 sunansa Star Wars kawai, babu wata lamba. Da na biye masa, The Empire Strikes Back, ya fito a 1980, sai ga shi rubutun da ke fitowa a farkon fim ɗin ya kira shi kashi na biyar. A 1981 aka sake fitar da na 1977 ɗin da ƙarin suna, A New Hope, aka ce shi ne na huɗu. Shi kuwa The Phantom Menace da yake ɗauke da lamba ɗaya, sai 1999 ya fito, shekara 22 bayan wancan. Na biyu da na uku suka biyo a 2002 da 2005. Na bakwai ya zo a 2015, bayan Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin George Lucas, a 2012.

Ainihin dalilina ban faɗa masa ba, don faɗarsa ɓata masa kallo ne. A fim ɗin 1980 ne Darth Vader, mugun labarin, yake shaida wa Luke, jarumin labarin, cewa shi ne mahaifinsa. An gina fim ɗin ne don maganar ta faɗo wa mai kallo babu shiri. Wanda ya bi lambobi ya riga ya ga yadda Anakin ya zama Vader tun a na uku, ya ga haihuwar 'ya'yansa Luke da Leia, to me ya rage ya girgiza shi? Wannan asara ce ta gaske, kuma lambobin ne suke jawo ta. Mun kalli na 1977 bayan azahar, yaron ko motsi bai yi ba sai da aka tarwatsa Death Star, katafaren makamin mugaye a sararin samaniya.

Da yamma, bayan ya tafi, na zauna gyara sauran abin da ke filas ɗin, a nan kuma na ga wani rikicin. Akwai Attack of the Clones na 2002. Akwai zane mai motsi, Clone Wars, na 2003. Akwai kuma The Clone Wars na 2008, wanda fim ne kuma shiri ne mai dogon zango, suna ɗaya. Shirin ma ba a nuna sassansa bisa jerin aukuwar labarin ba. Rogue One na 2016 ba shi da lamba sam, alhali inda ya ƙare nan na 1977 ya fara.

Masoyan labarin suna ƙirga shekaru daga Yaƙin Yavin, wato yaƙin da aka tarwatsa Death Star a fim ɗin 1977, su ce kaza kafin yaƙin, kaza bayansa. Ya yi wa wanda ya san labarin amfani, amma sabon shiga bai ma san Yavin ba. Na goge lambobin daga sunayen fayil ɗin, na sa wa kowanne shekarar fitowarsa a gaba, daga 1977 zuwa 2019.