Godiya ga mutanen ruwa na Falomo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, mu da iyalan maigidana muna lafiya, jirgin ruwan ma ko ƙwarzane bai samu ba. Waɗanda suka yi ta kira tun daren Asabar, daga Obalende, Idi-Araba da Agege, har da na gida Yawuri, na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma wannan rubutu na waɗanda suka kama mana igiya ne lokacin da injin jirginmu ya mutu a Falomo, Legas.

Daga Tarkwa Bay muke dawowa bayan la'asar. Mun shigo mashigin Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island, ruwa yana janyewa da ƙarfi zuwa teku. Wanda ya koyi tuƙi a kogin Kwara irina ya saba da ruwa mai fuska ɗaya, kullum gangara yake yi. Na Legas ba haka yake ba: sau 2 yake cika ya janye a kwana guda, kusan duk awa 6 ya juya, kuma a matsattsen wuri irin na kusa da gadar Falomo ya fi gudu. Saura ƙiris mu kai jeti, wato matsayar jiragen ruwa, sai tsohuwar raga da leda suka naɗe farfela, inji ya mutu. Jirgi kuwa ba shi da birki, ribas ne birkinsa. Ruwa ya juya mu a kaikaice, ya nufi da mu jerin jiragen mutane da ke ɗaure, ga yara a cikin namu jirgin.

Godiyata ta farko ga wani dattijo Ba'ilaje da ke gyaran raga a kwale-kwalensa. Bai tsaya tambayar jirgin wa ne ba. Ya tuƙo ya shiga tsakaninmu da jiragen, ya tokare mu da gora, ya jefo mini igiyarsa. Baba, ba na jin yarenka, kai ma ba ka jin nawa, da hannu muka yi magana. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa komarka albarka.

Sai samari biyu Yarbawa masu wankin wani jirgi, da suka yar da soso suka rugo kan jeti. Na jinjina wa babban cikinsu, don ya san aiki. Da igiya ta iso gare shi bai tsaya ja-in-ja da ita ba, sai ya naɗa ta a turke, yana sakinta kaɗan-kaɗan har jirgi ya rage ƙarfi ya kwanto gefe. Wanda bai sani ba da hannu zai riƙe, ko dai ta saɓule masa fata ko ta fizgo shi cikin ruwa. Ƙaraminsu kuma ya saƙala tsofaffin tayoyi a daidai inda za mu gogu.

Direban jirgin fasinja da ya hango mu ya rage gudu tun daga nesa, kai ma na gode. Da ka wuce a guje, igiyar ruwanka kaɗai ta isa ta maka mu da jeti. Ba kowa ke yin haka ba, musamman da yamma lokacin neman sawu.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Yadda kika zaunar da yara wuri guda, kowa da rigar ruwansa, ya sa jirgi bai karkata ba. Masu ƙorafin cewa ma'aikatan LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, sun matsa da dokar sa rigar nan, da kun ga idon yaran a lokacin da kun daina.

Alhaji ya ciro kuɗi, babu wanda ya karɓa. Ni da na san garin nan, inda ko mota aka tura maka sai ka sa hannu a aljihu, abin ya ba ni mamaki. Wani ɗan uwanmu Basarke da ya daɗe a bakin ruwan ya ce haka al'adar take: duk wanda ke tsaye a jeti, in jirgi ya doso, shi ne mai karɓar igiya, ko na babban mutum ne ko na masunci. Shi ne kuma ya yi nutso da wuƙa ya yanke ragar daga farfela kafin magariba. Yaya, Allah Ya biya.

Igiyar Baba shuɗiya tana wurina, don ya tafi kafin in kwance ta. Na bar ta hannun mai gadin jeti tare da ɗan goro. Duk wanda ya san shi a cikinku, don Allah ya isar masa.