Garejinmu na bakin kogin Isa, mota a rami jirgin roba a inuwa

Kusan kullum sai an samu wani ya tsaya ƙofar garejinmu ya ce wai ku makanisai ne ko masunta, don in ka leƙo za ka ga Hilux a kan rami an buɗe mata kai, can gefe kuma ƙarƙashin dogon yaro ga jiragen roba uku ko huɗu a kife kan tsofaffin tayoyi, yara suna ta goge su. Ni dai makanise ne, shi na koya kuma shi ke ciyar da ni, amma yau shekaru ke nan duk wanda ke da kayak, wato ɗan jirgin roban nan da ake tuƙawa da filafili, a Yamai kuma yake son kama kifi da shi, ko ba jima ko ba daɗe sai ya biyo ta hanyar Saga ya same mu.

A Tawa aka haife ni, can na yi aparanti tun ina yaro bayan na bar lakwal. Maigidana Allah ya jiƙan shi mutum ne mai zafi, shekara biyu cur ban taɓa kile da sunan gyara ba, aikina wanke bulo da goro cikin gazuwal da miƙa kaya, in ya ce kile 17 ka miƙo 19 to ranar kunnenka zai gaya maka. Amma shi ne ya koya mini sauraron mota, yana dafa bakin dogon turnabis a jikin inji ya kai ƙotar kunnena ya ce faɗa mini mi ka ji. In na ce ban ji komai ba ya ce to zauna nan har ka ji. Wani lokacin kamiyo ya lalace a hanyar Agadas mu tafi ceto, in aikin ya kai mu Tabalak sai mu kwana bakin tabki, nan na fara jefa fatsa, tarwaɗa da karfasa muke gasawa da dare mu ci da yaji, tun daga nan ruwa ya shiga raina, ɗan Adar da bai iya iyo ba sai da ya girma.

Kayak na farko da na taɓa wani Bature ne ya kawo shi, ba ma don shi ya zo ba, Land Cruiser ɗinsa ce ke zafi. Jirgin na ɗaure a sama an matse shi da sangil mai ƙarfen jawa tamkar ana ɗaure buhunan albasa, ga ranar watan Afrilu, ƙasan jirgin ya lotsa kuma ya tsage kamar tsawon tafin hannu. Ya ce za ka iya? Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na samo gam mai haɗi biyu na shafa, na ɗora zaren gilas irin wanda muke liƙe gaban mota da shi, ya bushe ƙam, na yi ta alfahari. Ranar Lahadi ya saka shi ruwa a Gudel, kafin ya kai tsakiya facin ya ɓare kamar ɓawon ayaba. Allah ya sa yana da rigar ruwa. Kunyar da na ji ran nan har yau ban manta ba, na mayar masa da kuɗinsa na ce ya bar mini jirgin sati biyu.

Abin da na gano shi ne robar da ake yin waɗannan jiragen, poliyetilen, ba ta karɓar gam na yau da kullum. Jikinta kamar mai maiƙo ne, in ka shafa shi zai zauna na ɗan lokaci ya tashi. Hanyar da ta fi ita ce a narkar da ita a haɗa da 'yar uwarta. Kuma 'yar uwar tata tana nan ko'ina a gari, bido ne na mai ko na ruwa, ka juya gindinsa in ka ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba 2 a ciki to ita ce. In 5 ka gani ajiye shi, wata roba ce daban, za ta narke ta kwanta kamar ta kama amma ba su haɗu ba. Yadda nake yi yanzu, sai na fara huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, in kankare bakin ya buɗe kamar kwari, in wanke tas in bar shi ya bushe, sannan in yanka bidon siri-siri in riƙa narkawa da bindigar iska mai zafi, jirgin da facin su yi laushi lokaci guda, in ɗaya ya riga ɗaya aikin banza ne. Wuta ta yi yawa roba ta ƙone ta yi rawaya ta mutu, ta yi kaɗan ba ta shiga ba, wannan ba a karanta shi a takarda, hannu ne ke sani, na lalata bido ya fi a ƙirga kafin hannuna ya zauna. Inda tsagar take wurin da ke cin wahala nakan nutsa ragar inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, a ciki. In na gama ba na ba mai shi sai na cika jirgin da ruwa ya kwana, da safe in duba ƙasa, ɗigo ɗaya in na gani a sake.

To amma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 2023 da Turawa da yawa suka tattara suka tafi, jiragensu suka faɗo hannun 'yan gari da araha, ma'aikata da 'yan kasuwa matasa suka fara sha'awar fita ruwa ranar hutu, sai ga masu gyara sun tsiro kamar ciyawar damina. Mutum ya ga hoton aikina a WhatsApp, ya samo tiyo da bis na kafinta ya huda jirgin mutane ya shafa silikon ya ce ai irin na wane ne kuma rabin kuɗi. Wata uku bis ya yi tsatsa, ramin ya buɗe, ruwa na shiga cikin jirgin ta inda ba ka gani, kana tsakiyar kogi ka ji jirgi ya yi nauyi yana layi. Sannan a kawo mini, kuma a ce Malam a yi mini sauƙi tunda na riga na biya wancan. Ni na aike ka wajensa?

Shirya kayak don fatsa ba tarin kaya ba ne. Abu na farko da nake yi shi ne in zaunar da mutum a ciki nan ƙasa, in ba shi filafili ya yi kamar yana tuƙi, in ga inda hannunsa ke kaiwa da inda gwiwar hannu ke wucewa, sannan in sa alama da alli. Mariƙin sandar fatsa biyu a baya sun karkata waje, ɗaya a gaba inda ido ke ganinsa amma filafili ba ya dukansa. Bayan kujera kes na lemo, shi ne akwatin kaya mafi kyau da na sani, ruwa ba ya zama cikinsa, a ɗaure shi da roba mai jawuwa ta kusurwa huɗu. Filafili da sanda kowanne da igiyarsa, don ranar da giwan ruwa ya ja ka ba za ka tuna da abin da ke cinyarka ba. Duk ramin da na huda bulon inoks ne da rondel mai faɗi ta ciki da kawucu a tsakani, inda hannu ba ya shiga in sa ribe. Mai son na'urar ganin zurfi da kifi nakan haɗa masa da ƙaramin batir na bolt 12 irin na moto cikin kwano mai murfi, da fizibil kusa da batirin, ba a nesa ba.

Wajen anka ne ba na wasa da kowa. Isa ba tabki ba ne, ruwa ne mai tafiya. In ka ɗaura anka a gefen jirgi ruwa ya bugo ka ta haƙarƙari, kifewa za ka yi kafin ka ce innalillahi. Shi ya sa nake sa igiya mai zagaye daga gaba har baya da zobe, kana zaune ka ja zoben ya kai igiyar anka hancin jirgi ko wutsiya, kuma ƙullin ya zama na ja-ɗaya-ya-kwance da buteli a ƙarshen igiyar, in abu ya ɓaci ka saki ka dawo ka ɗauka daga baya. Kuma ina gaya wa kowa lokacin jan ruwa, Agusta da Satumba, a bar jirgi a gida. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta fasa digar Lamorde ya san abin da nake faɗa, ruwan yana ɗauko itatuwa da kainuwa da komai. Cikar da ke zuwa daga Gine wajen Disamba da Janairu ruwanta ya fi tsabta, daga baya kuma in ya ja baya tudun yashi da duwatsu su fito, nan ne ƙasan jirgi ke karcewa aikina ya yi yawa. Sai dorina, musamman in ka haura wajen Bubon, wannan ba ni da wani ƙarfe da zan ɗaura maka, ka tambayi Sarkawa masunta ina take kwana ka yi nesa. Ka gaida su, kada ka ratsa kan kallinsu ko mamarinsu, wato ragarsu da layin ƙugiyarsu, kai wasa ka zo yi su abincin 'ya'yansu suke nema, kuma rabin abin da na sani game da kogin nan a bakinsu na ji.

Maganar inoks ma wani ciwon kai ne. Da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome, ka yi oda ka jira har ka manta, ran da ya iso kuma ka buɗe kwali ka ga ƙarfe ne aka yi wa wankan sheƙi. Wani mai kawo mini kaya ya yi mini haka sau biyu, yana rantsuwa wai orijinal ne. Yanzu mayen ƙarfe na cikin aljihuna kullum, inoks na kirki da ƙyar yake kamawa, wanda ya manne ɗaf a mayar masa da abinsa.

Ta ɓangaren mota kuwa, abokan sana'a suna ce mini ina kashe kasuwa, don ranar Asabar da safe duk kiliyan da yake so nakan koya masa ƙananan abubuwa ya riƙa yi da kansa a gida. Ni ban ga asara ba, motar da mai ita ke kula da ita ta fi daɗin gyara. Duba mai da safe kafin a tada inji, mota a wuri madaidaici. Juye mai duk kilomita 5000 a ƙurarmu ta nan, ko da an rubuta fiye da haka a jikin bido, wanda ya rubuta bai shiga laterit da hunturu ba. In za ka sa sabon filtar mai ka shafa wa robar bakinsa ɗan mai ka ɗaure da hannu kawai, ba da kile ba. Filtar iska kada ka buga shi a jikin taya kamar yadda yaran tasha ke yi, takardar ke fashewa ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji, a hura shi daga ciki zuwa waje a hankali, in ya gaji a canza. Radiyato ba a buɗe shi da zafi, kuma ruwan famfo yana barin farin dutse a ciki yana toshe hanyoyi. Taya ka duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, da yawa tayoyin da ake sayarwa da zane mai kyau sun tsufa a ajiye, zafin gudoro na watan Mayu kawai suke jira.

Akwai filtar mai guda biyu da na yanka da zarto na rataye a bango, ɗaya na gaske ɗaya jabu, kwalinsu iri ɗaya sak har tambari. Na gasken takarda ce a naɗe cunkus da ɗan bawul ɗinsa, jabun 'yar takarda ce kamar ta littafin ɗan lakwal. Duk wanda ya fara ce mini ai na ga irinsa da jika ɗaya da rabi sai in nuna masa bango in ci gaba da aikina. Wani ya gani ya yi shiru, wani kuma ya je ya sayo na jika ɗaya da rabin ya ce in sa masa, ba na sawa.

Kalorista ma haka, ɗan bawul ɗin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyato in inji ya ɗau zafi, da mota ta fara zafi sai a ce cire shi ai na ƙasar sanyi ne. Ni maigidana bai taɓa cirewa ba ni ma ba na cirewa, zafin yana da dalilinsa, ko radiyato ya toshe ko fanka ko famfon ruwa, a nemo shi. Amma birki da kurwar distribisiyon, bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji, da famfon gazuwal, waɗannan nakan ce ko ka kalli bidiyo ɗari a YouTube kawo mini, an taɓa jawo mini Corolla da mai ita ya kuskure haƙori biyu wajen sa kurwa, shi da ƙaninsa suka kwana a kanta.

Ɗaukar jirgin a mota kuwa, sanduna biyu a sama da nisa mai kyau tsakaninsu, a naɗe su da soso, a kife jirgin, sangil na hannu biyu a tsakiya ba mai ƙarfen jawa ba, igiya ɗaya gaba ɗaya baya, in ka yi 'yar tafiya ka tsaya ka sake dubawa. In za ka gangara gaɓa cikin yashi rage iskar taya kuma ka tafi da famfo don dawowa, kada ka tura ƙafafun baya cikin ruwa don ƙyuyar ɗaukar jirgi taku goma, laka na shiga birki da rulma, wata biyu ka zo kana ce mini tana kuka.

Yanzu haka akwai wani kore mai mita huɗu a kife nan, rami goma sha ɗaya na ƙirga a jikinsa duk na bis ɗin kafinta, sai na toshe su ɗaya bayan ɗaya kafin in fara nawa aikin. Mai shi ya kira sau uku wai yana so ya fita da shi Lahadi. Na ce masa ran Asabar da dare zan cika shi da ruwa, ya zo da safe mu duba ƙasa tare.