Daga Kachiya zuwa Unguwar Rimi da jinin shanu a kula

Sai bayan hantsi motarmu ta cika a tashar Kachiya. Kula na rungume a cinya, cikinta ƙanƙara ce da 'yan kwalabe shida na jinin shanun Baffa. Tun tsakiyar damina suke ramewa, ido na hawaye, gashi a tashe, kuma duk makiyayin da ya gan su sai ya ce sammore ne. Wata dattijuwa da ke gefena ta ɗauka fura ce na hana su. Da na buɗe mata, ba ta ƙara yi mini magana ba har Kujama.

Mun wuce matatar mai, muka sha cunkoson Sabon Tasha, muka haye gadar kogin Kaduna. A Unguwar Rimi 'yar ƙanwata ke jirana, kusa da cibiyar binciken sammore da ciwon barci, wadda aka kafa tun 1947. Ɗaliba ce, kuma kan ƙwayoyin da ke jawo waɗannan cututtuka take karatu.

Ta ɗiga jinin a kan gilashi ta ce, "Kawu, leƙa." A madubin ƙara girma na ga wani abu siriri mai jela yana mutsu-mutsu tsakanin ƙwayoyin jini, yana ture su kamar tarwaɗa a taɓo. Wai wannan ɗan mitsitsi ne ya kayar da bijimin da mutum uku ba sa iya riƙewa.

Ban karya ba tun safe, sai yunwar cikina ta sa na tambaye ta ko shi ma yana jin yunwa. Ashe na taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Ta ce wanda aka fi nazari a danginsu, Trypanosoma brucei, a cikin jini sukari kawai yake zuƙa ba ƙaƙƙautawa. Amma da ƙudan tsando ya tsotse shi, sukarin kan ƙare, sai ya koma dogaro da wani amino asid, wato irin tubalan da jiki ke gina furotin da su, mai suna furolin. Idan abinci ya yanke masa, sai ya juya kan kansa: ya naɗe tsofaffin kayan cikinsa a wata 'yar jaka, wadda furotin ATG8 ke taimakawa wajen ɗinka ta, ya kai su inda za a narkar, ya sake gini da abin da ya fito. Cin kai ke nan, otofaji a bakin masana. Wani Bajapane, Yoshinori Ohsumi, ya ci kyautar Nobel a 2016 saboda gano yadda abin ke gudana, shi kuwa a yis ɗin burodi ya yi aikinsa.

Na ce to ai da sauƙi, a hana shi komai ya cinye kansa mu huta. Ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce a gwaji, idan aka cire masa sauran amino asid amma aka bar masa abin ƙonawa, sukari ko furolin, cin kan yana tashi sosai. Idan kuwa aka hana shi duka, abin ba ya kankama, domin ɗinka jakar ma ƙarfi take ci. "Kawu, ko kwanukan ɗaki mace za ta sayar lokacin fari, ai sai tana da kuɗin mota zuwa kasuwa." Wannan misalin ya fi shiga kaina fiye da duk sunayen da ta jero, ko da yake na lura ba da nufin mutuwa ƙwayar take yin hakan ba, dabarar kai wa baɗi ce.

Kwalba huɗu cikin shida aka ga ƙwayar. Na kira Baffa ya nemi likitan dabbobi, kada ya sayi allura da ka a kasuwa, kuma a janye garken daga bakin rafin nan mai duhuwa. Sannan na nemi mai shayi, don har la'asar ta gota ban sa komai a ciki ba, ga motar Kachiya ba ta jiran kowa.